Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'inmu: Rabin Karatunmu Ya Koma Cikin Waya, Ku Zo Ku Karɓi Ragamarsa

Zuwa ga Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya, musamman iyayenmu da ke riƙe da jami'o'in Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a sashen Kemistiri na ɗaya daga cikin jami'o'in da kuke shugabanta, kuma shekara uku ke nan ina wakiltar ajinmu. Ba zan kama sunan makarantarmu ba, domin abin da zan faɗa na ji irinsa daga bakin ƙawaye da 'yan'uwa da ke wasu makarantun, kuma ba na so a ɗauka da mutum ɗaya nake.

Yayyenmu da suka yi jami'a shekarun baya sun ce aikin wakilin aji a zamaninsu bai wuce neman ɗakin lakca, tara takardun aikin gida da leƙa allon sanarwa ba. Nawa aikin yana cikin wayata. Ni ce mai kula da zauren WhatsApp na ajinmu, mu 214 ne a ciki. Ta nan ake sanin an ɗage lakca ko an sauya ɗaki, ta nan handawut ke isa hannun kowa, ta nan ake jin ranar tes, ta nan ake raba tambayoyin shekarun baya. Allon sanarwar sashenmu yana nan inda yake, takardar da ke manne a jikinsa rana ta koɗar da ita tun bara.

Bari in ba ku labarin dare ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Muna zangon farko na aji uku, wajen ƙarfe 11 saura na dare, wani malaminmu ya turo mini saƙo cewa tes ɗin da aka sa ranar Alhamis ya dawo gobe ƙarfe 8 na safe, tafiya ta taso masa. Na tura zaure nan take, na zauna bakin gado ina duba waɗanda suka buɗe saƙon. Zuwa tsakar dare mutum 160 da 'yan kai sun gani. Sauran na shiga kiran su ɗaya bayan ɗaya har katina ya ƙare. Cikin waɗanda ban samu ba akwai wata matar aure da ke zuwa daga cikin gari. Ƙaramar waya mai madanni gare ta, da wayar mijinta take shiga WhatsApp, shi kuma ranar yana hanyar Legas da lodin kaya. Ƙarfe 10 ta iso kamar yadda ta saba, da goyo a bayanta, ta tarar muna fitowa kowa da biro a hannu. Ta tsaya bakin ƙofa tana duban fuskokinmu, ba ta ce komai ba, sai gyara goyon take yi. Na raka ta ofishin malam, ya ce shi ya sanar. Gaskiya ya faɗa, ya sanar. Maki 20 suka tafi, kos ɗin ya kayar da ita, bana tana maimaita shi tare da ƙannenmu.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Malam bai karya wata doka ba, domin babu dokar. Babu inda aka rubuta ta wace hanya sanarwa ke zama sanarwa, ko awa nawa za a ba ɗalibi kafin a sauya masa ranar tes, ko me ke kan makaranta game da ɗalibin da ba shi da babbar waya. Karatu ya tattara ya koma wani sabon gida, dokokinku suna tsohon gida.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne jami'a ta san amfanin intanet sarai. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, da kwamfuta muka shigo hannunku. Ta fotal muka yi rajista, ta Remita muka biya kuɗin makaranta, ta fotal muke neman ɗakin kwana. Duk inda makaranta za ta karɓi wani abu daga hannunmu an gina masa hanya mai suna da hatimi da ofishin kai ƙorafi. Inda za a ba mu ilimin da muka zo nema kuwa, an bar shi a wayar 'yar shekara 22, da datar da ta saya da kuɗin abincinta. Ranar da wayar nan ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a bakin titi, mutum 214 sun shiga duhu.

Kada ku ɗauka kukan waya na zo yi. Wallahi da babu ita da yawancinmu ba mu kai inda muke ba. Ina aji ɗaya ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur muna gida. Yayana ya sha na 2020, wanda ya haɗu da kullen korona tun daga Maris har Disamba. A watannin nan zauren ajinmu shi ne makarantarmu. Wani ɗan ajin gabanmu, Allah ya saka masa da alheri, kullum bayan sallar isha'i sai ya turo saƙon murya na minti 10 ko 15, ya ɗauki darasi guda ya warware shi da Hausa, Turanci sai inda sunan sinadari ya tilasta. A bakinsa na fara fahimtar lissafin mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, abin da na haddace tun sakandare ban san me nake haddacewa ba. Yana cewa a ɗauke shi kamar yadda 'yan kasuwa ke ƙirga da dozin, sai dai wannan dozin ɗin girmansa ya wuce hankali. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, wayar na kan tabarma, sai kawai na ji abin ya zauna.

Wannan abu ku dube shi da kyau, ranku ya daɗe. Da yawa cikinmu makarantun gwamnati muka fito, Turancinmu na cin jarrabawa ne. A ɗakin lakca mai ɗaukar mutum 500, lasifika ta lalace, malam na can gaba yana magana da sauri, wanda ke baya leɓensa kawai yake gani. Ba mai ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ana jin nauyi. Amma da dare a zaure sai ka ga yarinyar da ba ka taɓa jin muryarta a aji ba ta ɗauki hoton littafinta ta turo, ta zagaye layi guda da jan biro ta ce don Allah daga nan zuwa nan yaya aka yi. Kafin minti 5 mutum uku sun amsa, wani da rubutu, wani da murya, wani ya warware a takarda ya ɗauko hoto. Wannan karatu ne na gaske, kuma babu malami ko ɗaya da ke ganin sa balle ya gyara idan an yi kuskure. Ana kuwa yi. Na taɓa ganin amsar da ba daidai ba ta zagaya aji kaf, kusan rabinmu muka rubuta ta a jarrabawa.

Haka YouTube. Ku tambayi duk ɗalibin kimiyya ko injiniya wa ya koya masa abin da ya fi ba shi wuya, da ƙyar ne ba zai ambaci wani malami ɗan Indiya ba. Na'urori da yawa da muke zana hotonsu a jarrabawa a bidiyo muka fara ganin suna aiki, domin ta ɗakin gwajinmu tana rufe da leda tun kafin mu zo. Da na bincika sai na tarar yawancin laccocin nan ba haka kawai suka faɗo daga sama ba. Cibiyoyin fasaha na IIT da ke Indiya sun fara wani shiri mai suna NPTEL a 2003 da kuɗin gwamnatinsu, suna naɗar laccocin manyan malamansu suna sakin su kyauta. Shekara 20 da wani abu ke nan, ga 'yar Arewacin Najeriya tana cin moriyarsa a ɗakin kwanan ɗalibai. Mu ma muna da farfesoshin da idan suka tsaya gaban allo sai ka manta da yunwa. Akwai wani dattijo a sashenmu da ya yi ritaya bara, shekara kusan 40 yana koyarwa, babu ko lakca ɗaya tasa da aka naɗa. Ƙannenmu da suka shigo bana sai dai su ji labarinsa. Waya mai kyau guda, da sandar riƙe ta, da ƙaramar makirfo, sun isa a fara wannan aiki, kuma mu ɗalibai za mu yi shi da hannunmu idan an ba mu izini da wurin ajiya. Idan malami ya yarda ya ƙara minti 10 a ƙarshe ya taƙaita da Hausa ko wani harshen da ɗalibansa ke ji, ba abin da zai rage wa darajar digiri.

Sai maganar tsada, wadda ita ce ke raba mu gida biyu. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kusan kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na gwamnati, wato NELFUND, naira 20,000 ake ba shi a wata na ɗawainiya, a ciki zai ci, ya hau mota, ya yi fotokwafi, ya sayi data. Wanda bai samu ba kuwa sai abin da gida suka iya. Na san ɗalibai da ke kwana ido biyu don su yi amfani da datar dare mai araha, su sauke bidiyo da littattafai tsakanin tsakar dare da asuba, da safe ka gan su suna gyangyaɗi a lakca, malam ya ce TikTok suka kwana kallo. Akwai masu kwana a TikTok ɗin, ban musa ba, ina ganin su a ɗakinmu. Amma wanda na fi sani shi ne yaron da ke zuwa wajena duk ranar Litinin in tura masa takardun mako ta Xender, domin ba shi da abin buɗe su da kansa.

Akwai Wi-Fi a makarantarmu, a takarda. A zahiri yana kamawa ne a wani lungu bayan ginin sashen kwamfuta. Ku biyo ta wurin bayan magariba ku ga ɗalibai jingine da bango, wasu a tsugune kan bulo, hasken waya a fuskokinsu, sauro na cizo. Mata ba sa iya daɗewa a wurin saboda duhu, ƙarfe 9 sun watse. Caji kuma wani yaƙin ne. Soket biyu ke aiki a ɗakin karatunmu, a jikin kowanne an jona wayar wuta mai baki shida, a jikinta an jona wata. Idan aka kwana uku ba wuta sai a kai wa mai caji a bakin ƙofar makaranta a biya, mutum ya wuni ba waya, abin nufi ya wuni bai san me ke faruwa a ajinsa ba.

Na san ba kwance kuke kan kuɗi ba. Mun ji yadda kuɗin wutar jami'o'i ya yi tashin gwauron zabo bayan an mayar da yunit ɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 a Afrilun 2024, mun kuma san malamanmu da albashinsu suke sayen datar da suke turo mana darasi. Amma an ga abin da zai yiwu. A 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano ƙarƙashin shirin REA, hukumar samar da lantarki a karkara, na samar wa jami'o'i wuta. Ko ba a kai ga irin wannan ba, rumfa guda a kowace tsangaya mai sola, da soket 50, da Wi-Fi mai ƙarfi, da fitila, da mai gadi, ba ta kai kuɗin sabuwar ƙofar shiga makaranta ba. Idan za ku rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, buƙatunku na baɗi, ina roƙon ku sa wannan a sahun gaba. Ku kuma zauna da kamfanonin waya a matsayinku na kwamiti, ku nemi a bar ɗalibai su shiga shafukan karatu na jami'o'i ba tare da an ci datarsu ba. Bakin shugabannin jami'o'i gaba ɗaya ya fi na ƙungiyar ɗalibai nauyi.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta shigo. ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, a 2024 kuma Meta AI ta bayyana cikin WhatsApp ɗin kowa a Najeriya, ba sai ka neme ta ba. Babu ɗalibin da ba ya taɓa ta, duk wanda ya ce muku ba ya yi bai faɗi gaskiya ba. Ni kaina ina tambayar ta ta sauƙaƙa mini sakin layin da ya gagare ni, wani lokaci ta taimaka, wani lokaci ta kawo lissafin da ba daidai ba da cikakken ƙarfin gwiwa. Wata ƙawata da muke rubuta furojet tare ta nemi ta ba ta madogara, ta jero mata guda 12 da sunayen marubuta da shekaru da lambar shafi, tsaf kamar gaske. Malamin da ke duba aikinta ya nemi guda 5 ya rasa, domin babu su a duniya. Ya jefo mata babin ya kira ta maƙaryaciya. Ta dawo ɗaki tana kuka tana rantsuwa ba ta san na'ura na ƙirƙirar ƙarya ba. Na yarda da ita, domin babu wanda ya taɓa gaya mana. Mun yi kos ɗin amfani da laburare a aji ɗaya, an koya mana yadda ake neman littafi a akwatin kati.

Kwamitinku ya ƙaddamar da manhajar EagleScan a 2021 don kama satar rubutu, kuma hakan daidai ne. Sai dai tarko kawai muke gani, ba mu ga wanda ya nuna mana hanya ba. Ku rubuta mana ƙa'ida a fili, shafi ɗaya ya isa: nan an yarda a nemi taimakon na'ura, nan ba a yarda ba, idan an nema ga yadda za a bayyana. Ku sabunta wancan kos ɗin na aji ɗaya ya koyar da yadda ake tantance madogara, yadda ake gane mujallar bogi, yadda ake shiga mujallun ilimi da laburare ke biyan kuɗinsu. Sai ina aji uku na san makarantarmu na da irin wannan dama, shi ma a bakin wani ma'aikacin laburare mai kirki da ya rubuta mini kalmar sirrin a bayan rasit. A yanzu wani malami ya hana gaba ɗaya, wani ya ce a yi, wani bai san ana yi ba, ɗalibi na tsakiya yana lalube.

Akwai wata magana da nake jin nauyin faɗa wa iyaye, amma idan ban faɗa ba na ci amanar 'yan ajinmu mata. Duk wadda ta shiga zauren aji, lambarta ta zama ta kowa. Mutum 214 na ganin ta, ga na zauren tsangaya, ga na kos ɗin gama-gari da ke cika har ya kai iyakar mutum 1,024 da WhatsApp ya yarda. Da dare sai saƙonni su fara shigowa daga lambobin da ba ta sani ba. Wasu daga ɗalibai, wasu daga waɗanda ba ɗalibai ba da suka samu hanyar shiga, wasu kuma, Allah ya kyauta, daga waɗanda makinta ke hannunsu. Wata ta nuna mini saƙon ƙarfe 1 na dare daga wanda bai kamata ba, hannunta na rawa, tana tambaya ta ko ta amsa. Na san mata biyu da mazajensu suka fitar da su daga zauren saboda irin wannan, suka koma jin labarin aji a bakin maƙwabta. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma ba ta shigo zaurukanmu ba. Da makaranta na da dandalinta, inda kowa ke shiga da lambar rajistarsa, malami ya ɗora darasi, ɗalibi ya yi tambaya, komai na rubuce ana iya dubawa, da an toshe wannan ƙofa. Manhajar Moodle da ake gina irin wannan dandali da ita kyauta ce, kuma na san jami'o'i da dama sun girka ta lokacin korona. Tamu tana nan, na shiga makon jiya, darasi na ƙarshe da aka ɗora a sashenmu na 2021 ne.

Dandali mai hatimin makaranta zai kuma kashe sanarwar bogi. Sau biyu ana yaɗa takarda mai tambarin jami'a da sa hannun magatakarda cewa an ɗage jarrabawa, har wasu suka kama hanyar gida. Ni aka dinga kira ana tambaya ko gaskiya ne, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya da ƙarfe 10 na dare.

Ku kuma tuna da waɗanda sabis ɗin kansa ke gagara. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. 'Yan ajinmu da ke can sai sun yi tafiya zuwa wani gari kafin su ga saƙo. Har yau akwai waɗanda idan sun je hutu ƙauyensu sai sun hau tudu. Saboda irinsu, da irin matar nan mai goyo, nake roƙon majalisar kowace jami'a ta zartar cewa ba a sauya ranar tes ko jarrabawa sai da sanarwar awa 48 aƙalla, a dandalin makaranta da kuma gajeren saƙon SMS da ke shiga kowace irin waya. Wannan ba ya buƙatar kwangila, zama ɗaya ya ishe ku.

Ranku ya daɗe, saura mini 'yan watanni in gama. A cikin Google Drive ɗina akwai abin da muka tara tun aji ɗaya: handawut na kowane kos, tambayoyin shekaru 7 da muka bi tsofaffin ɗalibai muka karɓo, hotunan allo, rahotannin ɗakin gwaji, da saƙonnin muryar nan na lokacin yajin aiki guda 90 da wani abu. Gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya cika, watan jiya sai da na goge hotunan bikin yayata don in sami wurin takardun zangon ƙarshe. Wakilin aji uku ya zo ya same ni yana tambayar yadda zai gaje su, shi kuma wayarsa gilashinta a fashe yake, ba ta riƙe caji. Na ce ya ba ni lokaci. Ina roƙon ku buɗe mana wuri a rumbun makaranta, ku sa malami ɗaya a kowane sashe ya duba abin da ke ciki ya cire kuskure, in miƙa masa kafin in tafi hidimar ƙasa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ba ku ikon dubawa.

Wassalam.

'Yarku,
Wakiliyar aji huɗu, sashen Kemistiri.